Kuɓewar Kaka da Addar Baba

Maƙwabcina yana wasa addarsa da sassafe a kan wani dutse da ke ƙofar gidansa, ni kuma duk ranar da ƙarar ta shigo mini ta taga sai na tashi na rufe tagar. Mutumin kirki ne, gonarsa kawai za shi, bai san yana tayar wa kowa da hankali ba. Amma ƙarar nan ta ƙarfe yana goga dutse a hankali, a tsaya a yayyafa ruwa, a ci gaba, ita ke mayar da ni gidanmu na Zuru a tsakiyar wata damina, ina 'yar firamare mai tsiwa da ƙafafu kamar sillen kara. Bari in ba ka labarin, ko ka daina mamakin mace da girmanta tana jin haushin dutsen wasa adda.

A bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar Babanmu, akwai wani fili tsakanin rijiya da katanga. Mazan gidanmu ba sa lissafa shi cikin gona. Gona a wajensu ita ce ta daji inda dawa ke tsayawa ta fi mutum tsawo, wannan kuwa "kayan miyar tsohuwa" suke ce masa, suna faɗa suna dariya, alhali babu wanda ke iya haɗiye tuwonsa sai da abin da ya fito daga cikinsa. Kaka ba ta san layi ba a shuka. Inda ta ga ƙasa ta yi mata, nan za ta dangwala iri ta take da diddige. Kafin damina ta raba, wurin ya haɗe: rama ta miƙe ta jikin katanga, yakuwa tana ja a gindinta, lalo ya fito da kansa ba wanda ya gayyace shi, gauta da barkono sun laɓe a inuwar masara, kabewa ta hau danga ta leƙa gidan maƙwabta. Baƙo zai ce jeji ne. Kaka kuwa ko da ido a rufe ta san inda kowane tsiro yake, har da wanda ya kwana ba lafiya.

Ni ce abokiyar aikinta, ba don na fi sauran jikoki ladabi ba, sai don na fi su son ci. Da safe kafin raɓa ta bushe muke shiga, ita a gaba da ƙwaryar toka, ni a baya da kwando. Har yanzu ina jin sanyin ƙasar a tafin ƙafata, da ƙamshin ganyen da aka take, da yadda zanina ke jiƙewa har gwiwa. Tana barbaɗa toka a kan ganyen da ƙwari suka huda, ni ina tsinkar lalo ina jefa ɗanyen gauta a baki ina yamutsa fuska. Idan ta waigo ta kama ni sai ta ce da ta san haka da akuya ta ɗauko, ko banza akuya tana ba da taki. In mun fito ta gasa mini masara ɗaya a bakin murhu, mu zauna muna kallon hadari yana taruwa ta gabas. Ban san wani daɗi da ya wuce wannan ba a lokacin, kuma in gaya maka gaskiya, ban samu da yawa da suka wuce shi ba tun daga nan.

A tsakiyar wannan cinkoso akwai abin da Kaka ta fi ji da shi, wato kuɓewarta, wadda mu a nan muka fi kira guro. Ba irin ta kasuwa ba ce. Karanta ja ne, 'ya'yanta dogaye masu lanƙwasa a baki, kuma 'yar kaɗan za ka yanka ta cika tukunya da yauƙi. Daga ƙauyensu na wajen Ribah ta zo da irin lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu, mahaifiyarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane. Tun daga nan kowace damina tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta sassautawa: 'ya'yan farko na itatuwan da suka fi ƙwari, sai ta yagi tsumma ta ɗaura musu. Wanda aka ɗaura wa tsumma na iri ne, zai zauna a jikin uwarsa har ya bushe, ko da miyar ranar ruwa ce zalla ba mai taɓa shi.

A ranin da ya gabaci wannan daminar, ɓeraye suka huda gorar da take ajiyar iri a rataye. Da ta zazzage abin da ya rage, bai cika tafin hannuna ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan da ruwa ya zauna ta shuka shi duka, ba ta bar ko ƙwaya ba. Ni kaɗai na san da wannan, domin ba irin maganar da ake kai wa maza ba ce. Allah ya taimaka ya fito, ya yi kyau, har ta fara ɗaure-ɗauren tsummanta.

Ana cikin haka Baba ya zo hutu. Soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a garinmu, kuma ya daɗe rabonsa da ganin damina a gida. Mutum ne da bai iya zama ba. Kwana ɗaya da isowarsa ya gyara ƙofar da ta shekara tana kuka, ya sa yara suka jera takalma, ya auna tsakar gida da ido yana girgiza kai. Muna sonsa, muna kuma tsoronsa, har kaji sun rage yawo. To, wata rana da la'asar Mama ta shimfiɗe ƙanena, wanda ko zama bai fara ba, a tabarma kusa da rijiya, ta juya ɗauko ruwa ke nan sai ga kububuwa ta fito daga cikin ganyen kabewa ta nufo tabarmar. Baba ne ya kashe ta da sanda. Ya ajiye sandar, ya tsaya yana kallon lambun Kaka.

Washegari ni da Kaka za mu garin Kanya gaisuwar rasuwa. Muna fita na ga Baba a tsugune yana wasa adda. Kaka ta ce masa a gaida aiki, ya ce a dawo lafiya. Ni na ɗauka ciyawar bakin hanya zai sassabe.

Da yamma muka dawo. Tun daga zaure na ga haske inda ban saba ganin haske ba. Bayan ɗakin Kaka ya zama fili fetal, ana hango katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan. Masara kaɗai ya bari a tsaye, domin ita a wajensa abinci ce. Sauran duka ya sare, ya tara su tsibi guda a gefe, ya share wurin tas kamar za a zo duba bariki. A saman tsibin na hango jan kara da tsumma a ɗaure, kuɓewar ko rabin ƙosawa ba ta yi ba.

Kaka ta sauke ƙullin kayanta a hankali. Ta yi magana da yarenmu, wanda take komawa gare shi idan ranta ya ɓaci sosai, sannan ta maimaita da Hausa don kada a ce ba a ji ba.

"Mi ta yi maka?"

Baba ya share gumi ya ce, "Inna, jiya da mun rasa yaro. Maciji nan yake kwana. Guro ne fa, kasuwa cike take da shi. Gobe in sayo miki iri ko tiya guda."

"Wanga babu shi kasuwa," in ji ta. "Shi ke nan wanda ya rage. Na uwata ne."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Ni kuwa kuka na fashe da shi, na ce masa abin da yarinya ba ta faɗa wa ubanta, har Mama ta fizgo ni ta toshe mini baki. Na yi fushi da shi ranar, fushi na gaske, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya daɗe bai sake ni ba.

Na ɗauka Kaka za ta shige ɗaki ta kwanta. Ba ta ko sha ruwa ba. Ta ɗaure zani ta shiga filin a sunkuye, tana bin ƙasa da hannu. Can sai ta kira ni. Ashe da adda ya yi aikin, bai sa fartanya ba, saboda haka saiwar tana nan. Kututturan kuɓewar suna tsaye, wasu tsawon ɗan yatsa, wasu sun kusa kamu ɗaya, ruwa yana tsattsafowa daga inda aka sare. Ta shafa ɗaya ta nuna mini 'yan gaɓoɓin da ke jikinsa.

"Share hawayenki," ta ce. "Muddin da ido a jikin kara, ba ta mutu ba. Ɗauko mini wuƙa da toka."

Kafin rana ta faɗi mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda adda ta farfasa kara, sai ta datse shi a karkace da wuƙa mai kaifi don kada ruwa ya zauna, ta shafe bakin da toka, ni kuma in tara ƙasa a gindi. Waɗanda aka sare dab da ƙasa ta ce in bar su, ba su da rabo. Na yi gardama, na ce mu gwada. Ta ce in gwada in ina da ƙarfin banza, na kuwa gwada, ba ko ɗaya da ya tashi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne marka. Lokacinta ne, ruwa ya wuni yana zuba ba ƙarfi ba tsayawa, sararin sama ya yi fari kamar kunun da aka tsinka. Kututture mai sabon rauni in ya sha irin wannan ruwa ruɓewa yake yi daga sama. Kaka ta sa na bi gidajen unguwa ina roƙon fasassun ƙoruka, mata suna tambayata ko mun fara sana'ar sakaina ne. Muka kifa wa kowane kututture sakaina a ka, muka danne da ɗan dutse. In ruwa ya ɗauke mu buɗe su sha iska, in hadari ya haɗu mu ruga mu rufe. Na sha fita daga aji da gudu ana tashi saboda na ga gabas ta yi baƙi. Kaka kuwa da ciwon gwiwarta, buhu a ka, tana cikin ruwa tana gyara wadda iska ta ture. Mama ta yi magana har ta gaji.

Baba fa? Kwana biyu yana zagaye wurin daga nesa kamar baƙo. Kaka ba ta zage shi ba, ba ta kuma kula shi ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da ya ga ruwa yana kwanciya a filin, tunda babu ganyen da zai tare shi, sai ya ɗauko shebur ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya fara haƙa hanyar ruwa daga gindin rijiya zuwa ramin da ruwa ke fita a katanga, miƙaƙƙiya kamar an ja da zare. Kaka ta fito ta duba.

"Nan ka karkata ta," ta ce, tana nuni da sanda. "Akwai kututture biyu a gabanka."

Ya karkata ta. Wannan ce maganar farko da ta haɗa su, kuma ina jin shi ne karo na farko da Baba ya yi wani abu a karkace da gangan. Daga nan ya shiga daji ya saro ƙaya ya kewaye wurin, domin awakin unguwa sun gano an buɗe musu hanya. Ya je rugar da ke bayan gari ya roƙo busasshen kashin shanu, ya ɗauko buhun a kafaɗa ya ratso unguwa da shi, mutane suna gaishe shi suna danne dariya. Maganar maciji ma bai bar ta ba, ya share kewayen rijiya ya toshe duk wani rami da ke jikin katanga in ban da na fitar ruwa, Kaka kuma ba ta hana shi ba, domin ita ma ta ga tabarmar nan.

Wasu kututturan sun ruɓe duk da haka. Ka taɓa su da safe ka ji sun yi laushi, ka ja su fito da wari. Kowane ɗaya muka cire sai Kaka ta wuce na gaba. Na fara ƙirga waɗanda suka rage, ta hana ni, ta ce ba a ƙirga abin da ake jinya.

Wata safiya na ɗaga sakaina sai na ga wani ɗan abu kore a gefen kara, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na kira Kaka. Ta durƙusa da ƙyar, ta kawo fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in je in kira Babana. Na ce ba za ni ba. Ta ce in ban je ba ita za ta je da gwiwar nan tata, kuma kowa zai san dalili. Na je. Ya zo ya tsuguna a gefenta da gajeren wandonsa, ƙaton mutum, yana kallon toho ɗaya. Hutunsa ya ƙare a makon nan, ya koma bakin aiki kafin ganyen ya buɗe.

Aikin bai ƙare da toho ba. Sabon ganye shi ne abincin ƙwari, kuma tunda babu rama da yakuwa da za su raba musu hankali, duk suka taru a kan kuɓewar. Kullum da safe toka, kullum da yamma mu bi bayan ganye muna tsince tsutsa da hannu. Fara ta zo, na zama mai gadi da reshen dogon yaro. A shekarar nan miyar kuka muka sha har ta fita ranmu, 'yan gidan suna gunaguni, domin Kaka ta ce ko ɗa ɗaya ba za a tsinka ba. Da furen farko ya buɗe, ruwan ɗorawa mai duhun ciki, ta zauna a gabansa a kan turmi har rana ta yi zafi. Kowane ɗa ya fito ta ɗaura masa tsumma, har tsohon zaninta ya ƙare ta koma kan ɗankwali.

Sai ruwa ya ɗauke, kuɓewar ba ta gama ƙosawa ba, tunda ta makara. Muka koma guga. Ni ke ja, ita ke zubawa a gindi da ƙoƙo, safe da yamma, har tafin hannuna ya yi kanta. Da kaka ta yi, mutane suna ta shigo da dawa, mu kuma muna zaune a bayan ɗaki muna fasa busassun kuɓewa a faifai. Irin da muka samu ya cika ƙaramin ƙoƙo. Kaka ta gauraya shi da toka, ta zuba a kwalba mai murfin ƙarfe, ta ce yanzu ɓera ya zo ya gwada haƙorinsa. Ranar ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta.

Shekaru suka wuce. Na tafi makaranta, na yi aure, aiki ya kai ni nesa. Kaka ta rasu ina can. Kafin in dawo Zuru da zama an raba gida, an gina ɗakunan haya a bayan ɗakinta, an malale sauran da siminti. Na tambayi kwalbar, babu wanda ya san inda ta shiga. Na aika ƙauyensu na wajen Ribah, aka ce mutanen sun daɗe da barin gonakin nan saboda rashin zaman lafiya, wanda ya tsira da ransa ba ya tuna irin miya. Na zagaya kasuwa, masu iri suna nuna mini na cikin leda mai hoto. Na haƙura, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar duk wahalar daminar nan ta tashi a banza.

A lokacin Baba bai daɗe da yin ritaya ba. Na je gaishe shi, maganar ta fito, ina faɗa ina ɗaci, kuma na san har da shi nake. Ya saurare ni har na gama. Ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana jan akwatinsa na ƙarfe. Ya fito da gwangwanin man takalmi ya ɗora mini a hannu. Na buɗe, ga iri cikin toka.

"Na bara ne," ya ce. "Hutun da na zo bayan wancan na roƙe ta, ta ba ni kaɗan. Duk barikin da anka kai ni sai na shuka bayan ɗaki. Har sunan tsokana sunka sa mini a kanta." Ya dubi gwangwanin. "Na ga abin da ke faruwa in an tara shi wuri guda. Mutum ɗaya da adda ya isa."

Shekara da shekaru ina ganin mutumin nan a matsayin wanda ya sare kuɓewar Kaka, ashe yana can yana yawo da ita gari gari, yana ba ta ruwan wankansa.

Yanzu gidajen garinmu siminti ne daga ƙofa har katanga, inda ƙasa ta rage kuma feshi ake yi, ya kashe ciyawa ya kashe lalo tare. Nawa gidan ma haka na same shi. A tsofaffin buhuna da fasassun bokitai nake shuka, na jera su a jikin bango, 'ya'yana suna cewa na mayar musu da tsakar gida juji. Su faɗa. Kowace kaka in na fasa iri sai na kasa shi, in aika wa ƙanwata, in ba wata abokiyar aikina, in ba duk wanda na ga zai shuka da gaske. Baba idonsa ya yi rauni, ba ya fita sosai, amma in damina ta raba sai ya sa a kawo shi a babur. Ya bi buhunan yana shafa ganye da hannu, sannan ya tambaye ni gida nawa na kai irin bara. In na faɗa masa sai ya ce bai isa ba, in ƙara.